A'a: Gunkin Kakanni na Tsibirin Rurutu

Gunkin da ake kira A'a na itace ne, an sassaƙa shi a Rurutu, ɗaya daga cikin tsibiran Austral a yankin Polinesiya na Faransa, cikin Tekun Pasifik. Tsayinsa santimita 117 ne, kuma an sassaƙa ƙananan siffofin mutane 30 a jikinsa, har su ne suka zama idanunsa da hancinsa da bakinsa. Cikinsa rarake yake, da murfi a baya da ake iya cirewa. Masana da dama na ganin an yi shi ne don ajiye ƙoƙon kai da dogayen ƙasusuwan wani babban kaka.

A 1821 mutanen Rurutu da suka karɓi Kiristanci suka kai shi tsibirin Raiatea, suka miƙa wa 'yan mishan na Landan. Gidan Tarihi na Birtaniya ya karɓe shi aro a 1890, ya saye shi a 1911. Ƙafafunsa sun ɓata, an kuma yanke al'aurarsa, sannan ƙananan gumaka 24 da aka taras a cikinsa babu su yanzu.

Itace yana kumbura idan laima ta yi yawa, ya tsage idan iska ta bushe, ga kuma ƙwari masu cinsa. Don haka ake riƙe irin waɗannan kaya cikin akwatin gilashi mai daidaitaccen zafi da laima, da haske kaɗan, ba a taɓa su sai da safar hannu.

Wani bincike da aka yi a 2015 ne ya fi sauya abin da aka sani game da gunkin. Gwajin sinadarin kabon, wanda ake gano shekarun abu da shi, ya nuna an sassaƙa shi tsakanin 1591 da 1647. Da aka duba ɗan ɓarɓashinsa da madubin ƙara girma, sai aka gano itacen sandal ne, alhali a Rurutu an daɗe ana cewa itacen pua ne. A cikin ramin kuma aka tsinci gashin mutum da jan gashin wani ƙaramin aku. Da a ce wani mai son tsabta ya share ramin a da, da wannan shaida ta tafi da ƙura.

An yi kwafinsa da dama, shahararrun masu fasaha Pablo Picasso da Henry Moore kowa ya mallaki ɗaya. Na asalin kuwa a 2023 aka kai shi aro gidan tarihi na Tahiti.