Waiwaye: Kuɗin fiton tsaraba da harajin da ake mayar wa baƙo

Duk shekara idan jiragen alhazai suka fara sauka a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, sai maganar haraji ta taso a gidajen da ake jiran tsaraba, daga Birnin Kebbi har Argungu da Zuru. Wani ya ji an ce Saudiyya tana mayar wa baƙi kuɗinsu, wani ya ce ai kayan da aka saya a shagon filin jirgi kwastan ba su da hurumin taɓa su. Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Akwai harajin sayen kaya, wanda ake kira VAT, da ƙasar da mutum ya yi sayayya take karɓa, kuma tana iya mayar masa idan zai fita da kayan. Akwai kuma kuɗin fito, wanda ƙasarsa take nema idan ya shigo da su. Kowanne da dokarsa da tarihinsa, kuma rasidin ɗaya ba ya wanke mutum daga ɗayan.

Biyan kuɗi a mashiga ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 suna haye Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su yada zango a kasuwar Jega, kuma kowane sarki da suka ratsa ƙasarsa yana da abin da yake karɓa. Madugu ne ke zama a yi ciniki a madadin ayari. Kaya ake ƙirgawa, jakai nawa, ɗauri nawa. Ba wanda ya damu da tabarmar bafatake ko butarsa. Wannan rabewa tsakanin kayan jiki da kayan sayarwa ita ce har gobe take ƙarƙashin dokokin zamani.

Shagon filin jirgi mara haraji kuwa an fara shi ne a 1947, a Shannon ta ƙasar Ailan, inda jiragen da ke ƙetare tekun Atalantika suke tsayawa shan mai. Brendan O'Regan ne ya kawo dabarar: fasinjan da ke jiran jirgi ya riga ya bar ƙasa ɗaya, bai shiga wata ba, don haka a sayar masa ba tare da harajin gida ba. Mutanen Ailan ɗin ne kuma suka taimaka aka buɗe Dubai Duty Free a watan Disamba na 1983. Abin lura shi ne, ƙasar da shagon yake ita ce ta yafe nata. Ba ta da ikon yafe na Nijeriya. A 1954 ma an ƙulla yarjejeniya a birnin New York ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauƙaƙa wa masu yawon buɗe ido sha'anin kwastan, wadda ta yarda matafiyi ya wuce da kayan amfaninsa kyauta matuƙar ba na kasuwa ba ne.

A wannan shekarar ta 1954 Faransa ta fara harajin VAT. Ginshiƙinsa shi ne a karɓe shi a ƙasar da za a yi amfani da kaya. To idan baƙo ya sayi agogo a Faris zai ɗaura shi a Gwandu, Faransa ba ta da hujjar riƙe harajin. Daga nan tsarin mayarwa ya samo asali, har aka sami kamfanoni da ke tsayawa tsakanin shago da gwamnati suna cire ladansu, irin su Global Blue da aka kafa a Suwidin a 1980. Ba dole ba ne a kan kowace ƙasa. Ingila ta soke nata daga 1 ga Janairu 2021, don haka mai dawowa daga Landan kada ya ɓata lokacinsa neman tagar mayar da haraji.

Duk wannan bai shafi mutanenmu sosai ba sai 2018, domin inda muka fi zuwa, Makka da Madina da Dubai, babu VAT kafin nan. Ranar 1 ga Janairu 2018 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ɗora kashi 5 cikin ɗari. Daular Larabawa ta buɗe tsarin mayar wa baƙi a watan Nuwamba na shekarar, ta hannun kamfanin Planet, da sharaɗin sayayya ta kai dirhami 250 kuma a fita da kayan cikin kwana 90. Saudiyya ta ninka nata sau uku zuwa kashi 15 a ranar 1 ga Yuli 2020, lokacin annobar korona, amma sai a 2025 ta fara mayarwa. Sharuɗɗanta: baƙo ɗan shekara 18 zuwa sama, sayayyar da ta haura riyal 500 a shagon da ke cikin tsarin, kaya na amfanin kai da ba a yi amfani da su ba, a fita da su cikin kwana 90. Abinci da abin sha da kuɗin masauki ba sa ciki. Da aka fara, wuraren tantance kaya da rasidi kafin a mayar da kuɗin suna filayen jirgin Jidda da Riyad da Dammam.

Lissafin yana buƙatar natsuwa. Kashi 15 ɗin a kan farashin asali ake ɗora shi, ba a kan abin da aka biya ba. Wanda ya biya riyal 1,150, harajin da ke ciki riyal 150 ne, wato kusan kashi 13 na abin da ya fita daga aljihunsa, kuma a cikin 150 ɗin ma kamfani zai cire ladansa. Ga mai sayen tazbaha da zannuwan salla wannan ba abin tada hankali ba ne. Ga hajiyar da ta sayi sarƙa da awarwaro na riyal dubu goma, kuɗi ne da ya isa a tsaya masa.

Inda abin ke lalacewa tun a shago ne. Ba a filin jirgi ake fara neman mayarwa ba. A lokacin biya ake miƙa fasfo, mai shago ya shigar da lambarsa cikin na'ura ya haɗa ta da rasidin. Idan aka bar shagon ba a yi haka ba, takardar hannu da aka rubuta da biro ba za ta yi aiki ba. Mafi yawan tsarabarmu kuwa a ƙananan shaguna da hannun masu shimfiɗa kaya a bakin titi ake sayenta, riyal goma nan, ashirin can, waɗanda ba sa cikin tsarin. Ga kuma matsalar jaka. Babbar jakar alhaji ana auna ta a kwashe tun a masauki, kwanaki kafin tashi, alhali mai tantancewa yana da ikon cewa a nuna masa kayan ido da ido. Abin da ya shige cikin jakar da ta riga ta tafi, kuɗinsa ya tafi da shi. Saboda haka zinari da waya da agogo, a bar su a jakar hannu da kwalinsu da rasidinsu, a tantance kafin a wuce shige da fice, kuma wanda sunansa ke kan rasidin shi zai tsaya, ba ɗansa ko maƙwabcinsa na ɗaki ba. Idan ana so kuɗin ya shiga kati, ya zama katin mai fasfon ne kuma yana karɓar kuɗin waje.

Turare ma yana da nasa tarko. Tun 2006 ba a barin ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Wanda aka saya a shagon filin jirgi ana rufe shi cikin leda ta musamman da rasidi a ciki. Mai umara da zai sauya jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa, idan ya ɓalle ledar don ya shinshina, a bincike na biyu za a iya karɓe kwalbar.

A gida, dokar da ta daɗe tana aiki ita ce ta kwastan ta 1958, har sai da sabuwa ta maye gurbinta a 2023. Shekaru da yawa ƙa'idar fasinja ita ce: kayan jikinsa da ya yi amfani da su kyauta ne, sai tsaraba da ba ta wuce Naira 50,000 ba, ban da kayan ado masu daraja da na lantarki. Wannan adadi ya yi ma'ana a lokacin da dala take wajen Naira 160, domin ya kai kusan dala 300. Da dala ta haura Naira 1,500 a 2024, sai ya koma bai kai dala 35 ba, kuɗin jallabiya biyu ko uku. Ke nan a takarda kusan kowane matafiyi ya ƙetare iyaka, sai abin ya koma ga ganin damar jami'in da ke bakin aiki. A ganina wannan ne ya fi komai cutar da talaka, domin dokar da kowa ya karya ba ta kare kowa, kuma wanda bai san haƙƙinsa ba shi ke fara sa hannu a aljihu.

A watan Satumba na 2025 hukumar gudanarwar kwastan ta tsayar da sabon ma'auni: kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, ko a jakar fasinja ko ta kamfanin aika saƙo, babu kuɗin fito a kansu, har sau huɗu a shekara, matuƙar ba haramtattu ba ne. Ɗaure shi da dala ya magance zaizayewar da ta cinye na baya. Dala 300 riyal 1,125 ce, tunda riyal 3.75 ke yin dala ɗaya. Ga alhajin da guzurinsa na hukuma ya kasance dala 500 a 2024, wannan ya rufe dabino da bagaruwa da huluna da kayan yara. Bai rufe zinari ba. A 2025 giram ɗaya ya haura dala 100, don haka 'yan kunne da zobe kaɗai sun isa su cike ma'aunin.

Abin da ya wuce haka a bayyana shi. Ana lissafi ne da jadawalin kuɗin fito na ECOWAS da Nijeriya ta fara aiki da shi a 2015, mai matakai biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, sannan a ƙara VAT na gida, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Jami'i yana duba yawa kamar yadda yake duba daraja: waya ɗaya a aljihu ta amfani ce, guda takwas cikin kwali haja ce, ko da mai su ya rantse rabawa zai yi. Rasidin saye shi ne garkuwa, domin idan babu shi jami'i ne zai ƙiyasta farashi. A nemi takardar lissafi, a biya ta banki, a riƙe shaida. Kuɗi kuma, duk wanda ke ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa wajibi ne ya bayyana, shiga ko fita. Bayyanawar ba ta da haraji, ɓoyewar ce ke jawo a ƙwace.

Kebbi tana da ƙarin ƙofofi da jihohi da dama ba su da su: Kamba ta fuskar Nijar, Tsamiya ta fuskar Benin. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka buɗe Kamba a watan Afrilu na 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan aka buɗe a watan Maris na 2024. Mai dawowa daga Gaya ko Malanbil ya sani cewa rangwamen dala 300 bai halatta abin da aka hana ba. Buhun shinkafar waje ta kan iyakar ƙasa, ko dilar gwanjo, ko daskararrun kaji, ƙarancin kuɗinsu ba ya cetonsu.

Wurin da ya dace a koyar da duk wannan shi ne bitar maniyyata da ake yi a ƙananan hukumomi. Ana koya ɗawafi da jifa da nauyin jaka da hana sa zamzam cikin kaya. Kamata ya yi a ware zama ɗaya, a gayyato jami'in kwastan, a nuna wa mutane samfurin rasidin da ake karɓa, a faɗa musu filin jirgin da za su taso da inda ake tantancewa a cikinsa, kuma a buga adadin dala 300 da Hausa da ajami a manna a ɗakin saukar fasinja na Ambursa.