Rigar garkuwar sojan Rum: da me ake yi mata ado?

A Ingila da Jamus da Holan akwai ƙungiyoyi masu yin shiga irin ta sojojin Rum don nuna wa jama'a tarihi ido da ido. Rigar garkuwa na cikin kayan da suke ɗinkawa.

Garkuwa ma har da riga?

Ƙwarai kuwa. Garkuwar siraran katako ce da aka manne, aka lulluɓe da yadi da fata. In ta sha ruwa sai ta yi nauyi, mannen ya saki. Shi ya sa soja ke sanya mata riga a kan hanya, ya tuɓe in za a gwabza. Julius Kaisar, jagoran yaƙin Rum, ya rubuta cewa a shekara ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙabilar Nervii ta yi wa dakarunsa ba-zata har ba su sami sukunin cire rigunan ba.

Da me ake ɗinka ta?

Galibi da jemammiyar fatar akuya, wadda aka jeme da sinadarin itatuwa, kamar yadda majema ke yi da bagaruwa. Ana kalmashe bakinta a zura igiya, a ja ta tsuke kamar zariyar wando.

To adon fa?

Fata ce a kan fata. An tono guntayen rigunan a Vindonissa ta ƙasar Suwizalan da Valkenburg ta Holan, inda danshin ƙasa ya hana su ruɓewa. Baduku zai yanko ƙaramin allo na fata mai kunnuwa biyu, ya huda sunan runduna a jiki, ya ɗinka a gaban rigar. A Vindonissa an ga na runduna ta 11. Wanda aka samu a Bonn ta Jamus har da surar Minerva, abar bautar Rumawa, wadda runduna ta 1 ke ɗauke da sunanta. Zaren ya ruɓe tuntuni, amma ramukan allura suna nan reras, kuma su ne ke nuna wa mai kwaikwayo inda zai bi da basilla.

Za a iya shafa fenti?

Zane mai launi na jikin garkuwar ne, kamar wadda aka tono a Dura-Europos ta Siriya, mai zaki da gaggafa a kan jan fenti. A ganina kuskure ne a kwaso wannan ado a ɗora wa riga, ita da aikinta shan ruwa da ƙura. Fatar roba da zaren leda ma a bar su. A nemi zaren lilin, a murza shi da kakin zuma, a shafe fatar da kitse.