Wai mece ce "sensa" da kowane bakanike ke ambato?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai mota ya koma lissafin lita kamar magidanci mai awon hatsi a tsakiyar damina. A nan ne wata kalma ta samu kasuwa. Mota na shan mai, sai a ce sensa ce. Ta ƙi tashi da safe, sensa ce. Tana kakkarwa a danja, sensa ce. Kwanan baya na ji wani mai shirin motoci a rediyo yana bayani da ƙarfin gwiwa cewa sensa ce ke sanyaya inji, don haka in ta mutu mota za ta yi obahitin. Saura kaɗan in kashe rediyon.

Kalmar mun are ta daga Turanci, su kuma sun samo ta daga Latin, inda "sentire" ke nufin ji. Fassarar ta zauna daram a Hausa, domin mu da kalma ɗaya muke jin magana, mu ji zafi, mu ji wari, mu ji ɗanɗano. Sensa dai mai ji ce. Ta ji, ta kai labari, aikinta ya ƙare. Ba ta da hannun da za ta sanyaya komai. Kuma ba ita ce sensar masu tace fina-finai ba, wannan ta fito ne daga sunan wani jami'in Rumawa mai ƙidayar jama'a da sa ido a kan ɗabi'unsu. Kunnenmu ne kawai ya haɗa su gida ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a tsohuwar mota abubuwa uku ne aka ɗaura a hanyar ruwan inji, kowanne da aikinsa, amma a gareji duk sunansu sensa. Akwai 'yar ƙarama mai waya ɗaya, wadda ba ta san kowa ba sai allurar nan ta dashbod. Akwai mai waya biyu, wadda ke magana da ƙwaƙwalwar mota, abin da kanikawa ke kira biren-boks. Sai ta uku, wadda ma makunni ce tsurarta: in ruwa ya haura digiri 90 da ɗoriya ta kunna fanka, in ya huce ta kashe. A tsofaffin Honda na shekarun 1990 za ka tarar da biyun farko kusa da juna a ƙarƙashin distiributa, makunnin fanka kuma a gidan tamostat. A Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, makunnin fankar a jikin lagireto yake, kuma akwai masu ƙafa huɗu da suka haɗa aikin allura da na ƙwaƙwalwa a jiki ɗaya.

Wanda ya tuƙa Fijo 504 ta Kaduna zai tuna cok. Da asuba a lokacin hunturu sai ka ja shi, kafireto ya ƙara wa inji mai, in ya ɗumama ka mayar. Direba ne sensa a wancan zamanin. Da aka koma injekta sai aka karɓe wannan aiki daga hannun direba aka damƙa wa mai waya biyun nan. Shi ya sa in ana maganar shan mai, ita kaɗai ke da ruwa da tsaki a cikin ukun.

Na biya kuɗin koyon wannan darasi. Tsohuwar Corolla ɗina ta fara baƙin hayaƙi, fulogi na fitowa kamar gindin tukunya, in ta yi zafi na kashe ta sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi. Wani bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, sensa ce." Na ce masa to ai allura tana tsakiya lafiya lau. Ya ce, "Ai haka suke yi." Ya kwance mai waya ɗaya ya sa sabuwa, na biya na tafi. Allurar da dama lafiyarta ƙalau ta ci gaba da zama lafiya ƙalau, mota kuma ta ci gaba da shan manta. Mai laifin na nan gefe da koren soket ɗinta, ko taɓa ta ba a yi ba.

Abin da ke cikin mai waya biyun nan ba wani sihiri ba ne. Ɗan ƙwayar abu ne da ke hana lantarki wucewa in yana sanyi, ya sakar masa hanya in ya ɗauki zafi. Masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya lura da irin wannan hali a jikin wani sinadarin azurfa tun 1833. Ƙwaƙwalwa na aika mata volt 5, ta duba abin da ya dawo. A Toyota da motoci masu kayan Bosch, turjiyarta ga lantarki, wadda ake aunawa da om, kan kai wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauka zuwa wajen om 300 a digiri 80. Daga wannan ne ƙwaƙwalwa ke yanke yawan man da za ta fesa.

To in waya ta tsinke gaba ɗaya, na'urar gwaji kan nuna digiri 40 ƙasa da sifili, sanyin da sai dai a Sibiriya, alhali motar tana Kano a watan Afrilu. Wannan ƙaryar ta yi girman da ƙwaƙwalwa za ta gane ta. Sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta rubuta lambar matsala P0118, ta ɗauki wani adadi na wucin gadi ta yi aiki da shi, a motoci da dama ma ta saki fanka ta yi ta gudu. Wadda ta fi cutarwa ita ce ƙaramar ƙarya. Sensa ta tsufa, ko ƙafafun soket sun yi tsatsa sun koma kore, turjiya ta ɗan ƙaru. Inji na digiri 90, ita tana cewa 40. Ƙarya ce mai kama da gaskiya, babu fitilar da za ta kama, na'ura ba za ta fitar da lamba ba. Sai dai kullum cok a jaye, kai kuma kana ta zargin gidan mai da tauye mudu.

Akwai kuma inda sensa ke faɗin gaskiya a hukunta ta. Da zarar tokumbo ta sauka, abu na farko da ake yi mata a garuruwanmu shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek, wai kayan ƙasar sanyi ne. Ban taɓa yarda da wannan ba. Tamostat ƙofa ce da ke tare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 a Toyota da yawa, sannan ta fara buɗewa. A zafin Sakkwato a buɗe take wuni, ba ta tare komai ba. In ka cire ta, sai ka hau babban titi da sanyin safiya inji ya kasa ɗumama. Sensa ta ce akwai sanyi, kuma gaskiya ta faɗa, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Ko sau uku ka canza ta, amsar ɗaya ce. Motocin da suka san kansu P0128 suke rubutawa a kan wannan.

Gwajin ba ya buƙatar tsammani. In motar na da soket mai rami 16, wanda Amurka ta wajabta daga 1996, a jona na'ura da safe kafin a tada inji. Zafin ruwa ya kamata ya yi daidai da na gari. In ta girmi haka, mitar rewaya da butar shayi sun wadatar: a auna turjiya tana sanyi, a tsoma bakinta a ruwan zafi, a ga lamba na sauka sannu a hankali ba tare da tsalle ba. Kafin nan a fara duba soket ɗin, sau da yawa cutar a nan take.

Canzawa kuwa aikin minti ashirin ne, muddin inji ya huce sarai. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan a matse yake, zai wanke maka fuska. A rage ruwa kaɗan, a zare soket a hankali don robar ta daɗe tana gasuwa, a kwance da dogon sifana. Ta Golf ba ta da zare, wani ɗan kilif ne ke riƙe da ita, kuma dole a sa sabuwar robar zobe a tabbatar tsohuwar ta fito. Mai waya ɗaya kada a naɗe mata farin tef ɗin famfo, domin ta zarenta take samun as, wato hanyar da lantarki ke komawa ta jikin inji, in ka lulluɓe shi allura za ta fara ƙarya. A ɗaure daidai misali, tagulla ce cikin alminiyon, ba notin taya ba. A kuma sayi mai lambar motar, don biyu na iya kama da juna kamar tagwaye amma turjiyarsu ta bambanta.

Daga nan a cika ruwa a fitar da iska, saboda bakin sensa sai yana cikin ruwa yake jin zafin gaskiya. Wannan ne ma dalilin da ya sa motar da ruwanta ya tsiyaye allurarta kan iya sauka ƙasa alhali gasket na ƙonewa. A bar inji yana aiki a tsaye har fanka ta kama da kanta, ta yi ɗan gudu, ta tsaya. In an riga an yi mata dairek, sai a fara kiran rewaya ya mayar da wayar inda take.