Abin da yara ke cewa a kan littattafan labari: amsa ga iyaye

Ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare a Argungu, kuma ina da zaman karatu da yara inda muke karanta ƙagaggun labarai, kowa ya faɗi yadda ya ga labarin. Tambayoyin da iyaye ke yi mini a kan wannan ba sa canzawa, ko a gidan suna aka haɗu ko a waya. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambaya sai in tura masa.

Wai yaro ɗan shekara goma har yana da ra'ayi a kan littafi?

Yana da shi. Ba a tambaye shi ba ne.

To me suke cewa?

Abin da suka fi ƙi shi ne labarin da aka rubuta don a yi musu faɗa. Kun san irinsa: yaro mai biyayya da yaro mai ƙiriniya, tun shafin farko an san wanda zai zama likita da wanda zai ƙare a tasha. Wata 'yar aji ɗaya ta ajiye irin wannan ta ce, "Malama, wannan ai ba labari ba ne, Inna ce ke magana." Ta yi gaskiya. Yaron da ake yi wa nasiha safe da yamma yana gane ta ko an sa mata sunan Audu da Binta.

Abin da suke so kuwa shi ne wayo, da dariya, da tafiya mai hatsari, da yaro kamarsu da ya shiga tsaka mai wuya ya fitar da kansa ba tare da wani babba ya zo ya cece shi ba. Suna son mugun labari ya zama mugu na gaske, mai dabara. Suna jin haushi in marubuci ya kashe wanda suke so ba dalili, kuma ba sa yafe wa labarin da aka ƙare da cewa ashe mafarki ne. 'Yan mata suna yawan ƙorafi a kan abu ɗaya: me ya sa kullum namiji ne ke tafiya neman abu, mace tana gida tana jira ko tana kuka? Ban koya musu wannan tambayar ba, da kansu suka kawo ta.

Ba ɓata lokaci ba ne, ga jarrabawa a gaba?

A'a. Yaron da ke karanta labari don daɗi shi ke fahimtar tambayar jarrabawa a karo ɗaya. Ina ganin bambancin a takardun insha'i duk zango.

Tsofaffin littattafan da muka karanta a firamare, har yanzu suna ci a wurinsu?

Wasu suna ci sosai. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, har yau yana sa aji dariya, kuma in ka tambayi yara wa suka fi so, da yawa Malam Zurƙe, abokin hamayyar jarumin labarin, za su ce, ba Alhaji Imam jarumin ba. Iyaye kan ɓata rai in sun ji haka. Kada ku damu. Son Zurƙe ba ya mai da yaro Zurƙe, kamar yadda son Gizo a tatsuniya bai mai da ku maƙaryata ba. Magana Jari Ce ma, mai juzu'i uku da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, tana shiga, amma yaran yanzu ba sa bin ta daga farko zuwa ƙarshe. Sukan tsallake gabatarwar sarki da waziri su faɗa kan labaran da aku ke bayarwa, su zaɓi nasu. Ku bar su su tsallake.

Kukansu a kan tsofaffin shi ne tsohuwar Hausa da ƙanƙantar rubutu, da ƙarancin hoto. Suna tambayar mene ne sule, mene ne ahu. Wannan ba laifin littafin ba ne, kuma dama ce kaka ta yi bayani.

Na Hausa zan saya ko na Turanci?

Wanda zai iya karantawa ba tare da ya tsaya a kowane layi ba. Ga yawancin yaranmu na Hausa ne. Turancin zai biyo baya in karatun ya zame masa jiki.

Ɗiyata shekararta goma sha huɗu, na kama ta tana karanta littattafan soyayya a waya. In ƙwace wayar?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa a tsaye a bakin hanya, domin amsar ta danganta da abubuwa da dama, kuma abin da ya yi aiki a wani gida yana iya ɓata lamari a wani.

Da farko, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tun ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano ke yawo a gidajen Arewa, kuma da yawa daga cikin iyayen da ke tambayata sun karanta su a ƙarƙashin filo, sun kuma yi aure sun riƙe gidajensu. Yarinya mai shekara goma sha huɗu ta so sanin yadda so yake ba alamar lalacewa ba ce.

Amma kuma ba zan ce miki duka ɗaya ba ne. Na takarda kina ganin bangonsa, kina ganinsa a hannunta. Na waya shafi-shafi ake sakinsa a zaurukan WhatsApp da Wattpad, ba wanda ya tace shi kafin ya fito. Akwai masu kyau a ciki, marubuta mata masu basira da ke rubutu a kan auren dole da kishi da zaman marayu. Akwai kuma na batsa zalla, waɗanda marubutan kan rubuta a kai cewa na matan aure ne kawai, sai dai wannan rubutun ba ya hana 'yar aji uku buɗewa. Ni a ganina zauren ma ya fi littafin hatsari, domin lambarta tana fili a gaban mutanen da ba ki sani ba, kuma wasu littattafan sai an tura kuɗi ko katin waya ake ci gaba da su. Ki tambayi kanki inda take samun kuɗin.

Saboda haka kafin ki yanke hukunci, ki karanta da idonki. Kada ki tsaya a shafukan farko, can ana gaisuwa ne da gabatar da dangi. Ki shiga tsakiya. In batsa ce, babu ciniki: ta fita daga zauren, ki faɗa mata dalili a fili, ba da zagi ba. In kuwa soyayya ce ta ƙa'ida, mai yiwuwa abin da ya fi shi ne ki ce ta ba ki labarin, ki tambaye ta yadda ta ga saurayin. Za ki yi mamaki. Na ji 'yan mata suna muhawara mai zafi a kan jarumin da ke marin yarinya sannan a yafe masa don yana da kuɗi, wata tana cewa ita da ita ce ko da mota goma ba za ta koma ba. Wannan hirar, in da ke aka yi ta, ta fi ƙwace waya amfani.

Ƙwacewar fa? Wani lokaci dole ne, musamman in karatun ya kai ta raba dare tana makara sallar asuba da makaranta. Duk da haka na fi son a ce waya ta kwana a ɗakin uwa, a kan a ƙwace gaba ɗaya, domin wadda aka ƙwace wa za ta karanta a ta ƙawarta, kuma daga ranar ba za ta sake gaya miki komai ba. Batun sanar da mahaifinta ma ki auna. In mai zafin hannu ne, wataƙila gwaggonta ko yayarta ta fi dacewa ta fara magana da ita. Kuma duk abin da kika cire, ki sa wani a madadinsa, in ba haka ba gurbin zai cika da abin da ba ki zaɓa ba. Ba na ba ki tabbacin cewa wannan zai yi aiki ga kowace yarinya. Wata za ta saki jiki a mako guda, wata za ta ƙara ɓoyewa, sai an yi ta bi da haƙuri.

Ɗana yana fara littafi ya ajiye bai gama ba.

To, bai yi masa daɗi ba. Ku tambaye shi a ina ya gaji, ku ba shi wani. Ba farilla ba ne.

Labaran aljanu da dodanni ba za su tsorata shi ba?

Yawancin yara suna neman su da kansu, kuma tsoron cikin littafi tsoro ne da suke iya rufewa su ajiye. Inda nake taka-tsantsan shi ne yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, waɗanda iyayensu suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga. Irin wannan yaro ba na miƙa masa labarin hari ko sace mutane. In shi ya ɗauko, ina zama kusa. Wani yana so ya karanta don ya samu bakin magana, wani kuma ko sunan daji ba ya son ji, kuma shi kaɗai zai nuna maka wanne ne shi.

Me zan tambaye shi in ya gama?

Don Allah, Malam, kada ka ce "wane darasi ka koya?" Wannan tambayar ta kashe wa yara da yawa sha'awar karatu. Da ya ji ta ya san jarrabawa ce, zai ba ka amsar da kake so: haƙuri, biyayya, gaskiya. Ka tambaye shi wa ya fi ba shi haushi, ko ina ne bai yarda ba, ko da shi ne marubucin ya zai ƙare labarin. In ya ce littafin da ka kashe kuɗi ka saya ba shi da daɗi, kada ka ce ba shi da godiya. Ka ce ya faɗi dalili.

Akwai abin da suke nema ba sa samu?

Akwai, kuma wannan yana ci mini rai. Suna neman kansu. Labaran da ke zuwa hannunsu a Kano ko Kaduna ko Abuja suke faruwa, ko kuma a wata ƙasar da babu ita. Wani yaro ɗan gidan masunta ya tambaye ni me ya sa bai taɓa karanta labarin yaron da ya shiga kogin Matan Fada da homa da gora ba. Ga bikin kamun kifi da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Ga Sarkin Kabi Kanta da ganuwar Surame, ga gidan tarihin Kanta a cikin gari da yaran ke wucewa ta gabansa kullum. Ga fadamar shinkafa, ga kwale-kwalen Yauri. Suna kuma lura cewa ba wanda ke magana irin tasu a littafi, sai in ana so a yi dariya da baƙauye. Marubutan Kebbi, ku da kuke ta rubuta soyayyar masu kuɗin Abuja, ga masu karatu nan a ƙofar gidanku. In ina ba su takarda su rubuta nasu, abin da ke fitowa ke nan: ruwa, kifi, kaka, kasuwa, da ɓarawon da aka kama da dabara.

A ina zan samu littattafan, kuma ba su yi tsada ba?

Tsofaffin na kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya ana samunsu a shagunan littattafan makaranta. Ku buɗe ku duba kafin ku biya, domin akwai na jabu masu dusasshen rubutu da shafukan da suka ɓace. In kuɗi ne matsala, gida uku ko huɗu su haɗa, kowa ya sayi ɗaya daban, yaran su riƙa musanya. Ku sa bangon leda, ku rubuta suna a ciki.