Ƙarshen Labari a Ƙagaggen Rubutu

Ƙarshen labari shi ne ɓangaren da marubuci ke kwance ƙullin da ya ɗaura tun farko, ya nuna makomar taurarinsa, ya sallami mai karatu. Sau da yawa bai wuce shafi biyu ko uku ba, amma da shi ake auna littafin duka, domin shi mutum ke tashi da shi idan ya rufe bango.

Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan na Girka, Aristotle, ya ce dole warwara ta fito daga cikin labarin kansa. A dandalin wasan kwaikwayon Girkawa akwai wata ƙugiya da ake sauko da ɗan wasa daga sama, a matsayin abin bautarsu, ya raba gardama idan labari ya cije. Aristotle ya ƙi wannan dabara. Aibin yana nan har yau: kishiya ta gallabi gida shafi ɗari uku, sai a babin ƙarshe mota ta kaɗe ta, ko wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya mutu ya bar gado. Mai karatu yakan ji an yi masa wayo, kuma da gaskiyarsa.

Tatsuniya tana da nata murfin. Mai bayarwa ya ce "ƙurunƙus kan ɗan ɓera", yara su san an fito daga duniyar Gizo da Ƙoƙi. Wasu labaran kuma da tambaya suke ƙarewa, misali a cikin samari uku wa ya fi cancantar yarinyar, a bar masu sauraro da musu. Akwai kuma yanke labari ana tsakiyar daɗi, dabarar da Shaharzad ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya. Marubutan adabin kasuwar Kano sun riƙe ta sosai, inda littafi na ɗaya kan tsaya daidai lokacin da asiri zai tonu, a ce mu haɗu a na biyu.

Manyan marubuta ma sukan sha wuya a nan. A 1861 Charles Dickens na Ingila ya rufe littafinsa Great Expectations da rabuwar taurarinsa, Pip da Estella, sai abokinsa Edward Bulwer-Lytton ya ba shi shawara ya sassauta. Ya sake rubutawa, ya bar alamar za su kasance tare. Ƙarshen da ya fara rubutawa bai fito fili ba sai bayan rasuwarsa, kuma har yanzu manazarta na jayayya kan wanda ya fi dacewa. Ernest Hemingway na Amurka kuwa ya faɗa a wata hira ta 1958 cewa sau 39 ya sake shafin ƙarshe na A Farewell to Arms kafin ya gamsu.