Kafin ɗan dambe ya sa hannu: abin da doka ta ce a kan kwantiragi mai maiƙo

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura, riƙe da takardu cikin baƙar leda. Ƙato ne, ya haura kilo 100. Da damben gargajiya ya fara, yana naɗe hannu da zare kamar sauran yara, kafin wani koci ya ja shi zuwa boksin, ajin masu nauyi, wato waɗanda suka wuce fam 200, kusan kilo 91. Wani mai shirya dambe ne ya turo masa kwantiragi ta WhatsApp, ya je shagon kwamfuta aka buga masa shafi tara.

"Kawu, nan kawai za ka duba mini," in ji shi, ya ɗora yatsa kan adadin kuɗin da ke shafin farko. "Sun ce in mayar kafin Litinin."

Kuɗi ne masu kauri, ban musa ba. Amma aikin lauya ya koya mini in fara karanta irin wannan takarda daga baya, domin a can ake ajiye abin da za a karɓa daga hannunka. Na ce ya zauna, aka kawo mana ruwa, muka bi ta layi-layi har aka kira magariba.

Abu na farko da na gaya masa shi ne wanda mutanenmu suka fi rainawa. A dokar kwantiragi da kotunan Najeriya ke aiki da ita, idan an yi tayi, an karɓa, kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu, kuma dukkansu baligai ne masu hankali, to magana ta ƙullu. Wanda ya sa hannu ya ɗauki duk abin da ke cikin takardar, ko ya karanta ko bai karanta ba. "Wallahi ban lura da wannan sakin layin ba" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ana iya warware yarjejeniya idan an tabbatar da yaudara ko tilastawa, amma tabbatarwar aiki ce mai cin kuɗi da shekaru, kuma shekarun ɗan dambe ƙidayayyu ne. Alkawarin baki da aka yi maka a waya, "kar ka damu, za mu ƙara maka idan ka ci", yawanci ba ya tsallake takarda, musamman idan an rubuta cewa abin da ke cikinta shi ne dukkan yarjejeniyar. Tasa takardar ta faɗi haka a shafi na takwas.

Akwai kariya ɗaya da ya kamata 'yan damben gargajiya su sani, tunda yanzu su ma kamfanoni na kawo musu takardu da kyamarori har gidan dambe. Dokar kare wanda bai iya karatu ba ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa, alamar an karanta wa mutumin, an fassara masa, ya gane, kafin ya dangwala yatsa. Kar ɗan dambe ya ji kunyar cewa a karanta masa da Hausa a gaban wanda ya yarda da shi. Haƙƙinsa ne. Mu da muka taso da ayar da ta umarci a rubuta bashi a kafa shaidu, da wadda ta ce a cika alkawura, ai bai kamata rubutu ya zama abin da ake cutar mu da shi ba.

Sai muka zo kan adadin nan da ya ɗauke masa hankali. Na ce mu ƙaddara ladan wasa naira miliyan goma ne. A al'adar boksin manaja na iya ɗaukar har kashi ɗaya bisa uku, koci kuma kashi goma cikin ɗari. Idan wasan kambu ne, ƙungiyar da ke da kambun tana da nata kaso. Idan a Amurka za a yi, hukumar haraji na riƙe kashi 30 cikin ɗari na kuɗin baƙon ɗan wasa tun kafin ya gan su. Ga abinci, ga abokan atisaye, ga masauki, kuma takardarsa ta ce duk a jikin ladansa za a cire, ba tare da an faɗi iyaka ba. Kafin alƙalamin da yake murna da shi ma, da muka karanta da kyau, bashi ne da za a zare daga wasanni biyu na farko. Da ya ga abin da ya rage a bayan ambulan ɗin da muke lissafi a kai, sai ya yi shiru yana murza hular da ke hannunsa.

Ba a kan ƙananan yara kaɗai wannan ke faɗawa ba. A 1998 Mike Tyson ya kai mai shirya wasanninsa Don King kotu yana neman dala miliyan 100 da ya ce an danne masa. A 2004 aka sasanta a kan miliyan 14, bayan Tyson ya riga ya bayyana cewa ya tsiyace a 2003. Irin waɗannan rigingimu ne suka sa majalisar Amurka ta yi dokar gyaran harkar dambe da aka sa wa sunan Muhammad Ali, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a shekarar 2000, ƙari a kan dokar kare lafiyar 'yan dambe ta 1996.

Dokar Ali ta taɓa wurare uku da suka fi ciwo. Ta raba manaja da mai shirya wasa: a manyan wasanni masu zagaye goma zuwa sama, mai shirya wasa ba zai sami hannun jari a aikin manajan ɗan dambe ba, manaja ma ba zai sami nasa a harkar shirya wasan ba. Dalilin a fili yake. Manaja aikinsa ya nemo maka lada mafi tsoka, mai shirya wasa kuwa ribarsa tana cikin ya biya ka kaɗan, to ta yaya mutum ɗaya zai yi ciniki da kansa a madadinka? Ba a ba kura ajiyar nama. Sannan ta tilasta wa mai shirya wasa ya bayyana wa ɗan dambe abin da shi kansa zai samu daga wasan da duk abin da za a cire daga ladan, kafin shi mai shirya wasan ya taɓa nasa kuɗin. Ta kuma ce idan aka sa maka sharaɗin ba za ka kara da ɗan damben wani mai shirya wasa ba sai ka sallama masa wasanninka na gaba, wannan ɗauri ba zai wuce wata 12 ba.

Sai dai dokar nan ta Amurka ce, wasannin da ake yi a can take karewa. Yaron da ya sa hannu a Katsina don ya yi wasa a Legas ko Accra ba zai fake da ita ba. A nan hukumar damben ƙwararru, NBB of C, ita ke ba da lasisi da izinin wasa, sauran kuma dokar kwantiragi ta kowa da kowa ce. Shi ya sa nake cewa abin da majalisa ta rubuta wa ɗan damben Amurka, namu sai ya rubuta wa kansa a cikin takardar kafin ya sa hannu.

A takardar ɗan yayata kamfani ɗaya ne mai shirya wasa kuma shi ne manaja. Wa'adin shekara biyar ne, kuma idan ya ci kowane kambu sai wa'adin ya sabunta kansa. Babu inda aka ce dole su samo masa wasa ko da guda a shekara. Ma'ana suna iya ajiye shi a gida yana cin tuwo, shi kuma ba shi da ikon zuwa wajen wani.

Doka na da magana a nan. Kotu na iya ƙin tilasta sharaɗin da ya tauye wa mutum neman abincinsa fiye da kima. A Ingila a 1991, ɗan dambe Michael Watson ya yi nasara a kan Mickey Duff, wanda ya haɗa aikin manaja da na shirya wasa, da yarjejeniyar shekara uku mai damar ƙarin wasu ukun idan Watson ya ci kambu. Alƙali ya ce ɗaurin ya wuce hankali. Kotunanmu ba dole ne su bi hukuncin Ingila ba, amma suna saurarensa. Duk da haka ban so ɗana ya dogara da shari'ar da ba a fara ba. Wa zai ciyar da shi a shekarun da ake ɗage zama?

Akwai kuma ɗan sakin layi na sake karawa, da na inda za a kai ƙara. Kar a ga ƙanƙantarsu. Sharaɗin sake karawa ne ya ba Anthony Joshua damar karɓo kambunansa daga Andy Ruiz a Saudiyya a Disambar 2019, wata shida bayan Ruiz ya doke shi a New York. Irin wannan sharaɗin ne kuma ya rusa babban wasan Joshua da Tyson Fury a 2021, lokacin da mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya fara yin karo na uku da Deontay Wilder. Idan takarda ta ce mai sasanci ne zai raba rigima, to kotu ma can za ta mayar da ku, don haka a duba a wane gari zai zauna, wa zai biya shi. Tamu ta ce Landan. Yaron da ko fasfo bai yi ba.

Inda na fi tsayawa shi ne lafiya. Takardar ba ta ambaci inshora ba, ba ta ce wa zai biya asibiti ba, ba ta ce komai kan gwajin ƙwaƙwalwa ko likita da motar asibiti a bakin fili ba. Naushin mai kilo 100 ba wasa ba ne. Watson ɗin nan, a watan Satumba na shekarar da ya ci shari'arsa, ya sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a wasansa da Chris Eubank, daga baya kotu ta kama hukumar damben Birtaniya da sakaci kan rashin isasshen tanadin gaggawa. A Maris na 2025 ɗan Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar wasa a Accra, rai ya yi halinsa. Uwar yaron da ke zaune gabana kuwa yayata ce. Ba zan iya kallon idonta ba idan na bar shi ya sa hannu a takardar da ta lissafa haƙƙin hotonsa da bidiyonsa dalla-dalla amma ta manta da kansa.

"To Kawu, in ƙi ke nan?"

Ban ce ya ƙi ba. Ƙi ma yana da farashi. A 2019 Wilder ya juya wa tayin DAZN, kamfanin nuna wasanni ta intanet, baya, wanda aka ruwaito ya kai dala miliyan 100, shekara ba ta cika ba Fury ya raba shi da kambunsa. Francis Ngannou ɗan Kamaru kuwa ya bar UFC, kamfanin wasan faɗa mai haɗa naushi da kokawa, a farkon 2023 yana riƙe da kambun masu nauyi, ya ƙi tayi mai tsoka saboda yana son 'yancin yin boksin da inshorar lafiya ga 'yan wasa, kuma kafin shekarar ta ƙare ya hau fili da Fury a Riyadh. Amma Ngannou zakaran duniya ne lokacin da ya ce a'a. Ɗan yayata wasa shida gare shi, bai da wannan ƙarfin, kuma na gaya masa haka ba ɓoye-ɓoye. Abin da yake da shi shi ne ikon cewa a gyara, kuma wanda ke son ka da gaske ba ya guduwa don ka nemi mako guda ka nuna wa lauya.

A daren muka rubuta amsa. Wa'adi ya dawo shekara biyu ba sabuntawa sai da sabon sa hannu. Wasa uku aƙalla a shekara da mafi ƙarancin lada a rubuce, in ba su cika ba ya sami 'yancin tafiya. Manaja ya zama nasa, wanda shi ya zaɓa. A sa iyaka ga abin da za a cire, a ba shi lissafi a rubuce bayan kowane wasa. Inshora da kuɗin asibiti a wuyan kamfani, sasanci kuma a Najeriya.

Litinin ta zo ta wuce, tayin bai ɓace ba kamar yadda suka tsorata shi. Ranar Alhamis suka kira, sun yarda da wa'adin da yawan wasannin da inshorar, sun ƙi sakin aikin manaja. A kan wannan muke har yanzu, takardar na cikin durowata ba sa hannu, shi kuma kullum da asuba yana gudunsa a hanyar filin wasa na Karkanda.