Ƙanena, ba taifot ba ne, kwana uku ne ba ka yi barci ba

Salam 'yan uwana ɗalibai na Birnin Kebbi da Kalgo da Aliero da Argungu, da ku iyaye masu biyan kuɗin makaranta. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da unguwar da ɗalibai ke kama haya, kuma wallahi ko ban ga jadawalin jarrabawa ba ina gane an fara, don masu shigo mana da dare sai su canza, a maimakon mata masu naƙuda da yara masu zazzaɓi sai ka ga samari da 'yan mata ido ja wur, hannu na rawa, kowa na cewa Anti a yi min gwajin taifot.

Samistar da ta wuce wajen ƙarfe biyun dare wasu samari biyu suka kawo abokin ɗakinsu a mashin, sun sa shi a tsakiya don kar ya faɗo. Yana shigowa ya riƙe min hannu ya ce "Anti mutuwa za ni yi, ki kira min innata." Zufa ta jiƙa rigarsa, numfashi sama-sama, ya ce yatsunsa da leɓɓansa sun mutu ba ya jin su. Na auna bugun zuciya ya haura 120, jiki ba zafi, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Na ce yaushe rabonka da barci? Shiru. Abokin ne ya ce "Anti tun ran Lahadi munka fara kwanan zaune, shina da fefa biyu jibi." A daren Laraba muke fa. Na ce me ya sha? Nescafe leda uku aka juye cikin gwangwanin lemon ƙarin kuzari, ga goro a baki, abincin ranar kuma biskit ne da garin kwaki. Na zaunar da shi na ce ƙanena dubi fuskata, ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, sake shi a hankali ta baki ina ƙirga shida, muka yi ta yi ni da shi, kafin minti ashirin yatsun sun dawo, sai ya fashe da kuka.

Abin da ya same shi firgici ne mai zuwa farat ɗaya, kuma yana da bayani. Idan mutum ya tsorata jiki na sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, su ke sa zuciya gudu, baki ya bushe, ciki ya murɗa har wani ya yi ta zarya banɗaki da safen jarrabawa. Kaɗan daga cikinsa alheri ne ma, shi ke tashe ka ka buɗe handawut. Matsalar ita ce idan aka yi sati biyu uku jiki na cikin wannan halin ba hutu, sannan ka ƙara masa rashin barci da yunwa da kofi. Mutuwar yatsun nan kuma daga saurin numfashi ne, shi ya sa da numfashi ya daidaita suke dawowa. Irin wannan firgicin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka. Amma kar wani ya zauna a ɗaki ya yanke wa kansa hukunci, in akwai ciwon ƙirji ko suma ko zazzaɓi a zo a duba. Kuma don Allah a daina shiga kemis ana sayen maganin taifot haka kawai, ko gwajin Widal da ake yi shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, mutum ya sha kwalin magani a banza alhali barci jikinsa ke roƙo.

Maganar barcin nan ita ce ta fi damuna, don a nan ne ɗalibai suka fi cutar kansu suna ganin ƙoƙari suke. Abin da ka karanta da rana, a cikin barci ƙwaƙwalwa ke jera shi ta adana. Wanda ya karanta bai yi barci ba kamar manomin da ya yanke shinkafa ya bar ta a fadama ne bai kai gida ba, aikin an yi shi amma ba a killace ba. Shi ya sa za ka ji yaro ya fito daga hol yana cewa wallahi na karanta wurin nan jiya da dare amma kaina ya ɗauke. Ba asiri ba ne, ba kuma dakikanci ba ne. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9, na san a satin jarrabawa wannan da wuya, to ko shida ka samu a jere, musamman daren da za ka shiga fefa, ya fi maka awa uku na ƙarin karatun da kake yi kana gyangyaɗi kana maimaita layi ɗaya sau biyar. In rana ta yi bayan azahar ka ɗan kishingiɗa minti 20 zuwa 30, ƙailula ce, kar ta wuce haka don kar ka tashi da nauyin kai. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr da yake kwana salla yana wuni azumi, lallai jikinka yana da haƙƙi a kanka. Ibada ke nan fa aka ce a sassauta, balle handawut.

Kofi kuma ba ya ba da ƙarfi, gajiyar yake ɓoye maka. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, wanda yake cikin goro da shayi da lemukan ƙarin kuzari, rabinsa na nan a jini bayan kamar awa biyar, ke nan wanda ka sha ƙarfe goman dare rabinsa na nan ƙarfe uku, ka kwanta ido ya ƙi rufuwa, gari ya waye ka ƙara wani. Iyakar da masana ke faɗa wa baligi mai lafiya ita ce miligiram 400 a rana, kamar kofi huɗu, kuma wasu tun kafin nan zuciyarsu ke fara bugawa. In dole ne ka sha, sha da safe, bayan la'asar a haƙura.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwaya. Na san ana raɗa wa juna a hostal cewa tiramol na buɗe kai yana hana gajiya. Ƙarya ce mai tsada. Tiramol na iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba, rashin barci kuma na ƙara wannan haɗarin, sannan yana kama jiki, wanda ya fara don fefa ɗaya sai ka same shi bayan an yi hutu bai iya bari ba. Haka maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasanmu. Wasu kuma bayan sun cika ciki da kofi sai su nemi ƙwayar barci don su sauko, a taka birki a taka totur lokaci guda. Ko maganin ciwon kai irin su ibufurofen da dikulofenak da ake haɗiya ciki ba komai, su ke ƙona ciki su tayar da olsa.

A ci abinci don Allah. Ba sai mai tsada ba, koko da ƙosai, ɗanwake, shinkafa da wake, gyaɗa, fura, duk sun fi biskit da lemo. Ruwa kuma kun san zafin garin nan, Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, in ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar shayi to ciwon kan nan na ƙishirwa ne. Masu sikila ku na fi ji, rashin ruwa da gajiya na tayar da ciwon, haka masu asma da masu farfaɗiya kar a ce karatu ya sa an manta shan magani.

Shi kansa karatun akwai yadda ake yinsa ya rage tsoro. Mai noman rani ba ya zuba wa albasa ruwan wata guda a rana ɗaya. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyon abu, kuma maimaitawa a rarrabe ita ke zaunar da shi. Karanta minti 25 ko 30, tashi ka miƙe ƙafa minti biyar, waya kuma a sa ta cikin jaka don WhatsApp da TikTok ba hutu ba ne. Lokutan salla ma sun riga sun yanka maka ranar gida-gida, yi amfani da su. Abin da ya fi aiki shi ne ka rufe handawut ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka tuna, ko ka yi wa abokinka bayani da Hausa kamar kai ne lakcara, ko ka zauna da tambayoyin shekarun baya ka sa wa kanka lokaci. Inda ka maƙale nan ne aikinka, ba sake bin shafi 80 daga farko ba.

'Yan ajin ƙarshe masu furojet, naku daban ne don ba ya ƙarewa rana ɗaya. Wata yarinya ta zo min da ciwon ciki sati uku, mun yi gwaje-gwaje ba komai, sai da na rufe ƙofa na ce ƙanwata faɗa min gaskiya me ke damunki, sai ta ciro babi na biyu daga jaka, jan biro ko'ina, sau uku ana dawo mata da shi, ta kai ko ganin lambar sufabaiza a waya sai cikinta ya juya, ta daina zuwa wurinsa gaba ɗaya. Amma ba jan biron ne ya fi ci mata rai ba. Ta ce "Anti, baba buhun shinkafa shida ya saida ya biya min rajista, in na maimaita shekara da wane ido zan dube shi?" Wannan nauyin da yawanku ke ɗauke da shi, wasu ga tunanin gida ma saboda rashin tsaro, kana karatu kunnenka na kan waya, musamman 'yan yankin Zuru da 'yan uwanmu na Zamfara. Na ce mata gudun sufabaiza ba ya rage aikin, ki koma da takarda da biro ki ce Malam nuna min abu uku da zan fara gyarawa, ki riƙa rubuta shafi ɗaya kullum ko bai yi kyau ba, gyara abin da aka rubuta ya fi farawa daga farar takarda sauƙi. Kuma duk wanda ke rubuta furojet ya tura wa kansa kwafi ta imel duk dare, na ga wanda kwamfutarsa ta mutu saura sati biyu difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai, ban so in sake ganin irin wannan kukan.

Iyaye, ku ma da naku. Kiran waya kullum ana "ka san dai abin da munka kashe a kanka" ba ya ƙara maki ko ɗaya, yaron ya riga ya sani, shi ne ma ke hana shi barci. Ku tambaye shi ya ci abinci? Ya yi barci? Ku sa masa albarka. Ku faɗa masa da bakinku cewa ko an samu kariyoba shi ɗanku ne, kwas ne za a sake rubutawa. Kuma ɗalibi in rashin lafiya ta kama ka lokacin jarrabawa, je asibitin makaranta a rubuta, ka sanar da sashenku da wuri a rubuce, kar ka ɓuya a ɗaki sai sakamako ya fito.

Akwai inda abin ya wuce damuwar jarrabawa. Idan mutum ya kai sati biyu kullum cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci ko barcin ya yi yawa, ya daina wanka ya daina shiga mutane, yana cewa ni ba ni da amfani, wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa kamar yadda ake maganin hawan jini. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, a yi addu'a a masallaci ko a coci sannan a ga likita. Ko dokar ƙasa ta canza, a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ana iya farawa daga asibitin makaranta, ko Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi, in ana buƙatar ƙwararru akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

In kuma abokin ɗakinka ya fara cewa gara in mutu in huta, ko yana rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, kar ka yi dariya kar ka ce masa kai dai ka cika raki. Zauna kusa da shi ka tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ita ke ba shi damar buɗe baki. Ka kwashe fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakin, kar a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, ka kira wani babba nasa ko da ya ce ka rufa masa asiri. Kuma kar ka ce masa ya je asibiti gobe, ka nemo mashin ku sa shi a tsakiya ku kawo shi a daren, ko ƙarfe biyu ne akwai mai aikin kwana.